Karatun da Babu Jarrabawa a Bayansa

Wanda ya gama ajin Yaƙi da Jahilci ya karɓi takardar shaida, sau da yawa yakan ɗauka aiki ya ƙare. Ya iya rubuta sunansa, ya iya karanta wasiƙa da rasit, ba mai sa shi ya dangwala yatsa a tawada. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma karatu kamar fartanya ya ke, in aka jingine ta damina biyu sai tsatsa ta ci. Na san mutane da dama da suka fita aji da karatunsu sarai, bayan shekara uku baƙi ya fara ɓace musu, don ba su da abin da za su karanta sai in wasiƙa ta zo.

Mai karatu zai zaci mutanen jami'a sun kuɓuta daga irin wannan. Ashe su ma suna da nasu ciwon. Ɗakunan karatu na jami'o'i, kamar na Kashim Ibrahim da ke Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a Zariya cikin 1962, cike su ke da littattafai har idon mutum ya gaji da dubawa. Amma yawancin ɗalibai ba su shiga sai don jarrabawa. Yaro ya haddace abin da malami ya ce, ya zuba a takarda, ya fita, ya rantse ba zai sake buɗe littafi ba sai dole.

A wata jami'a ma'aikatan ɗakin karatu suka lura da haka, sai suka kafa ƙungiya ta masu karatu don jin daɗi kawai. Ana zama sau biyu a wata, bayan La'asar. Ba a ba da maki, ba a kiran suna. Na zauna tare da su ran da suka ɗauki Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Akwai mai koyon aikin likita, da mai koyon shari'a, da wani dattijo mai jera littattafai a kanta. Aka riƙa karɓa-karɓa, kowa ya karanta shafi ɗaya a bayyane. Da aka zo inda uwar Umar ta bar gida tana neman ɗanta har ta faɗa hannun masu cinikin bayi, sai ɗaki ya yi tsit. Can sai gardama ta tashi: waɗansu suka ce da ta haƙura ta zauna, waɗansu suka ce babu uwar da za ta iya zama. Dattijon nan shi ya fi kowa hujja, ɗalibai kuwa suka yi shiru suna saurarensa. Magariba ta yi ba a rabu ba.

Littafin kansa don irin wannan zama aka yi shi. Cikin 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasar rubuta labari da Hausa, domin waɗanda suka koyi boko ba su da abin karantawa ban da littattafan makaranta. Daga nan aka sami Shaihu Umar, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Watau tun farko an gane wanda aka koya wa karatu sai an ba shi abin da zai so.

Ni dai abin da na gani ke nan game da lafiyar zuciya. Mai damuwa, ko ta bashi ko ta jarrabawa, tunaninsa yakan tsaya wuri guda yana kewayawa kamar akuya a turke. Labari mai daɗi yakan kwance igiyar na sa'a ɗaya, ya sa mutum ya damu da halin wani maimakon nasa. Ba ya biyan bashi, ba ya kuma maye gurbin likita ga wanda ciwonsa ya yi tsanani. Amma mutum yakan tashi da sauƙi a ƙirji, musamman in ya sami waɗanda zai yi musu da dariya tare da su.

To, 'yan'uwa, babu abin da ke cikin zaman nan wanda sai da jami'a. Zaure ya isa, ko gindin bishiya, ko tsakar gida ga mata. Mutum shida su haɗa kuɗi su sayi Magana Jari Ce littafi na ɗaya, su sa rana. Abu guda na ke roƙo: in mai jan karatu a hankali ya karɓi littafi ya tsaya a kan wata kalma, kada a yi maza a faɗa masa. A ba shi lokaci ya haɗa baƙin da kansa, ko da shafinsa zai ci rabin hirar.