Rufe Bakinka

Sau nawa muka faɗa wa Auta wannan magana, Allah kaɗai ya sani. A bakin tabarma in ana cin tuwo, a gaban baƙi, a hanyar masallaci. Sai ya rufe, ya yi kamar minti ɗaya, leɓen ƙasa ya sake saki. Akwai ranar da muka haɗa masa da rankwashi, don malaminsu ya aiko cewa yana gyangyaɗi a aji, yara kuma sun laƙaba masa Gaɓo. Shekararsa bakwai a lokacin. Mu da muka haife shi ma, a zuci mun fara yarda cewa sakarci ne.

Da dare kuwa duk gidan an san minsharinsa. Har dariya muke yi, wai yaro da minsharin magidanci. In hunturu ya shigo, hazo ya rufe duwatsun Rano, abin sai ya ƙaru: majina ba ta yankewa, ya farka da busasshen baki, matashin kansa duk yawu.

Da muka kai shi hutu Kibiya, kakarsa ta dube shi ta ce belu ne, a kira wanzami. Muka tuna mata cewa tun kafin suna aka cire masa, ita ce ma ta riƙe shi. Ta ce to ya sake tsirowa. Ba don wata ƙanwarmu mai aikin jinya ta sa baki ba, da an sake zura masa ƙarfe a maƙogwaro.

Ita ta tura mu sashen kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likitan bai fara da yaron ba, da mu ya fara.

"Malam, in yana barci, numfashinsa yakan tsaya sannan ya ja da ƙarfi?"

Muka dubi juna. Yakan yi. Mun sha gani, mun ɗauka mafarki ne.

Da hoto ya fito, ya nuna mana wata tsoka a can bayan hanci, sama da inda belu yake, inda ido ba ya kaiwa in an buɗe baki. Kowane yaro yana da ita, tana cikin masu tare ƙwayoyin cuta, takan yi girma a ƙuruciya ta motse wajen balaga. Ta Auta ta kumbura ta kusa toshe hanyar iska. Ashe duk lokacin da muka ce ya rufe baki, cewa muke yi ya daina numfashi.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne maganar fuska. In baki yana rufe, harshe yana kwanciya ne a jikin ganɗa, yana tokare ta daga ciki yayin da kumatu ke matsowa daga waje. In yaro ya shekara da shekaru baki a sake, harshe ya sauka ƙasa, ganɗa takan tsuke ta yi zurfi, haƙoran sama su rasa wuri su turo gaba, haɓa ta ja baya, fuska ta yi tsawo. Mun koma gida mun jera hotunan Sallah na shekara huɗu a waya. Ga shi nan, a hankali, a gaban idonmu. Gado ma yana da nasa kason, dangin uwarsa duk masu doguwar fuska ne, amma wannan bai wanke mu ba.

Daga baya mun bi diddigin abin a intanet, kamar yadda mai laifi ke neman shaida. Tun 1868 wani likita a Denmak, Wilhelm Meyer, ya bayyana wannan tsoka da ɓarnarta. A Amurka, Egil Harvold ya toshe hancin 'ya'yan birai, suka koma numfashi ta baki, muƙamuƙinsu da jerin haƙoransu suka sauya. Wanda ya ba mu dariya shi ne na Daniel Lieberman a 2004, don da rema ya yi, dabbar nan ta kogon dutse. Waɗanda aka raina da dafaffen abinci mai laushi, ƙasan fuskarsu ya gaza na masu tauna mai tauri da kusan kashi 10 cikin ɗari. Ƙashi yana ginuwa ne gwargwadon aikin da aka ba shi.

Da muka ba kakarsa wannan labarin, ta ce ai wannan ba sai Bature ba. Ta lissafo abin da muka taso muna gwagwiya: goruba, rake, busasshiyar aya, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, ƙashin miya da ake taunewa har ya zama gari. Auta kuwa shayi da burodi da safe, taliyar yara da rana. Amma a nan ma sai da muka yi masa adalci. Wanda hancinsa ke toshe ba ya iya doguwar tauna, dole ya haɗiye da wuri ya sha iska. Shi ya sa kullum yake ture nama, mu kuma muna cewa tsirfa ce.

An fara da maganin fesawa a hanci na wasu makonni, bai wadatar ba, aka yi masa aiki bayan mun sayar da buhunan masarar da muka ajiye. Haƙoran da suka turo suna nan, likitan haƙori ya ce mu riƙa kawo shi ana dubawa. Bakin ma bai rufu nan take ba, sabo ya riga ya kama. Yanzu in mun ga ya saki, ba ma magana, sai mu miƙa masa gutsuren rake.

Mako biyu bayan aikin, cikin dare muka farka a firgice, ba mu san abin da ya tashe mu ba. Ɗakin yara shiru. Muka je da fitilar waya, gabanmu yana faɗuwa, muka kara yatsa a ƙofar hancinsa. Iska mai ɗumi tana fita, tana komawa. Muka zauna a bakin katifar har aka kira assalatu.