In Kiɗa Ya Sauya: Sabuwar Farosesa da Tsohuwar Ma'ajiya

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Mu da muke karantar da adabi mun daɗe muna jawo wannan magana a aji, ga shi yau mun same ta daram a cikin kwamfutocin da muke rubuta kundayenmu. Da yawa daga cikinmu, in na'ura ta fara jan ƙafa, mukan tattara ɗan abin da ya samu mu sayi sabuwar farosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aiki, mu bar ma'ajiyar wucin gadi da ake kira RAM yadda take, muna zaton magana ta ƙare.

Tun shekarar 2003 kamfanin AMD ya mayar da sashen da ke ba RAM umarni cikin farosesa kanta, Intel kuma ya bi sahu a 2008. Ke nan duk wanda ya canja farosesa ya canja makaɗi, dole mai rawa ta sake koyon taku. Ga misali: farosesar Ryzen ta 2017 da ta 2019 gurbi ɗaya suke shiga a jikin babban allo, amma ta farkon saurin 2666 aka lamunce mata, ta biyun kuwa 3200.

Abubuwa uku muka koyi lura da su. Na farko shi ne sauri. Sau da yawa bayan an yi canji, saitin BIOS yakan koma na asali, sai RAM irin DDR4 da aka sayar mana a kan 3200 ta koma tafiya a 2133 ko 2400, ba tare da ta yi mana sallama ba. Sai mun shiga mun kunna tsarin XMP da hannunmu kafin mu ci moriyar kuɗinmu.

Na biyu shi ne jinkirin amsawa, wanda ake rubutawa da CL. A nan ne ɗalibin waƙa zai ji kamar yana gida, domin lissafi ne na kari da ma'auni. RAM mai saurin 3200 da CL16, da mai saurin 3600 da CL18, duk a lokaci guda suke mayar da amsar farko, wato kashi 10 cikin biliyan na daƙiƙa. Saboda haka babbar lambar da ke jikin kwali ba ta isa hujja ita kaɗai ba.

Na uku shi ne ƙarfin lantarki. DDR4 a ƙa'ida bolt 1.2 take sha, tsarin XMP kan ɗaga shi zuwa 1.35, DDR5 kuwa daga 1.1 take farawa. In an rage, ta yi tuntuɓe. In an zarce, zafi ya ƙaru, kwananta ya ragu.

Abin da ya fi damunmu shi ne RAM marar natsuwa ba kullum take kururuwa ba. Wani lokaci na'ura takan mutu ana tsakiyar aiki, wannan ma da sauƙi. Wani lokaci kuwa sai ta ɓata bayani a ɓoye, a adana kundin shekara uku da ɓarna a cikinsa, ba a sani ba sai ranar da ya ƙi buɗewa. Mu da muka san tazarar da ke tsakanin kafa da ƙafa, ba ma raina ɗan ƙaramin kuskure.

Don haka muke bin sannu. Mukan sabunta BIOS tun tsohuwar farosesa tana kai, kuma sai mun tabbatar wuta ba za ta ɗauke ana cikin yi ba. Mukan taɓa saiti ɗaya a lokaci guda, mu rubuta shi a takarda, sannan mu bar manhajar MemTest86 ta kwana tana gwaji. In kuskure ko ɗaya ya fito, mu sauko mataki guda. In allo ya ƙi kawo haske, a kashe wuta, a cire ɗan batirin babban allo, a koma farko. Ɗalibin da ya yi wannan haƙuri na dare ɗaya, ya kwanta da tabbacin gobe zai tarar da rubutunsa yadda ya bar shi.