Ƙasar Damargu a cikin hotuna

Zancenmu na wannan wata a kan tafiya ne da hoto. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Gaskiya ne. Amma gani ma yana son bayani. Ku biyo ni mu ratsa ƙasarmu ta Damargu, mu ga aikin da hoto yake iya yi mana, da wanda ba ya iyawa sai da taimakon alƙalami.

Damargu ƙasar hanya ce

Garin Tanut yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Agadas. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne. A kudu da mu gonakin gero ne da wake. A arewa da mu dajin kiwo ne. Mu muna tsakiya, inda hauya da sandar kiwo suke gamuwa.

Tun zamanin kakanni ayari yake sauka a nan. Abzinawa suna zuwa da raƙuma, su sayi geron Damargu. Su kai shi Abzin, su kai shi har Bilma, su komo da gishiri da dabino. Fatake masu zuwa Kano daga arewa su ma ta nan suke bi. Saboda haka baƙi da yawa sun ga ƙasarmu, kuma sun ba da labarinta a nesa.

Baƙin da suka ratsa

A watan Janairu na 1851 wasu Turawa 3 suka sauka Damargu tare da ayarin gishiri. Ɗayansu Bajamushe ne, sunansa Barth, amma a ƙasar Hausa ana kiransa Abdul Karim. A nan Damargu suka rabu, kowa ya kama hanyarsa. Shi Barth ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano. A cikin littafinsa ya nuna cewa Damargu ita ce rumbun mutanen Abzin. Bai ɗauki hoto ba. Zane ya yi da hannu, ya kuma rubuta sunayen garuruwa da ranakun da ya sauka. A lokacin aikin hoto jariri ne, don sai a 1839 aka bayyana shi ga jama'a a Faransa.

A 1899 kuma sojojin Faransa suka ratsa Damargu, ƙarƙashin Furo da Lami. Daga Aljeriya suka taso, suka bi ta Agadas, suka isa Damagaram a watan Nuwamba. Su suna da akwatin hoto. A 1902 Furo ya buga littafin tafiyar, cike da hotunan da ya ɗauka.

Ku lura da abu guda. Waɗannan zane-zane da hotuna suna nan har yau a ɗakunan ajiya na Turai. Abin da ya raya su shi ne rubutun da ke ƙarƙashinsu. Amma baƙo ne ya ɗauka, baƙo ne ya rubuta. Abin da ya ba shi sha'awa shi ya nuna. Kakanninmu ba a tambaye su ba.

Daga mai hoto zuwa wayar salula

Dattawanmu sun san zamanin da ba a ɗaukar hoto sai don katin shaida. Mutum ya je wurin mai hoto, ya zauna bisa kujera, ya daskare kamar gunki. Daga baya ƴan Afirka suka gwanance a wannan sana'a. A Yamai an yi Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki hotunan samari da ƴan mata na shekarun 1960 da 1970. Ya rasu a 2014. A Bamako ta ƙasar Mali an yi Malick Sidibé, wanda aka ba babbar lambar girma a ƙasar Italiya a 2007. Tun 1994 aka fara babban taron masu hoto na Afirka a Bamako.

Yau ga shi akwatin hoto ya shiga aljihu. Manomi yana da waya, makiyayi yana da waya. Ɗan ci-rani ya dawo daga Libiya ko Aljeriya ko Kano da hotuna cike da waya. Abin da dā sai Bature, yanzu yaro ma yana yi.

Mene ne kulob na masu hoto?

A manyan biranen duniya masu son hoto suna kafa ƙungiya. A Landan an kafa irinta tun 1853, a Faris kuma a 1854. Aikinsu mai sauƙi ne. Suna taruwa a rana sananniya. Wanda ya yi tafiya ya nuna hotunansa ɗaya bayan ɗaya, yana bayani. Sauran su yi tambaya, su yaba, su gyara. Wani lokaci su fita tare su ɗauko hotunan wuri guda, su dawo su gwada.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A ƙasarmu an kafa radiyo-kulob tun 1962. Mutanen gari su taru, su saurari radiyo, su tattauna. Samarinmu kuma suna da fada, inda ake shan shayi ana hira. Abin da ya rage kawai shi ne a kawo hoto cikin hirar.

A cibiyarmu ta yaƙi da jahilci haka muke yi da rani. Dare ɗaya a mako, bayan sallar isha'i, muna shimfiɗa tabarmi. Muna aron talabijin mai aiki da hasken rana. Duk wanda ya yi tafiya ya kawo katin wayarsa. Bari in ba ku labarin tafiya 3 da muka gani a zaune.

Tafiya ta farko: hanyar kudu

Wani saurayi ya raka buhunan wake zuwa Damagaram. Ya nuna mana Sabon Kafi da rumbunanta. Ya nuna mana kasuwar Bakin Birji, ga awaki, ga tumaki, ga amalanke. Muka tambaye shi matatar man fetur ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a ƙasar Olelewa. Ya ce ya gan ta daga cikin mota, amma bai ɗaga waya ba, don irin wannan wuri ba a ɗaukarsa sai da izini. Dattawa suka ce ya yi hankali.

Daga nan sai ga Damagaram: manyan duwatsun Birni, ƙofar fadar Sarki, da cunkoson kasuwar Dole. Wata tsohuwa da ba ta taɓa zuwa ba ta matso kusa, ta daɗe tana kallo. Na gaya wa ɗalibai cewa wannan gari shi ne babban birnin Nijar kafin a mai da shi Yamai a 1926.

Sai aka zo kan hoton wani mai awon gero. Wani ya ce: «Nawa tiya ran nan?» Saurayin ya yi shiru. Ya manta. Hoton ya nuna gero, ya nuna tiya, amma bai faɗi kuɗi ba.

Tafiya ta biyu: dajin arewa

Wani makiyayi ya kai shanu arewa da damina, wajen hanyar Adarbisanat. Hotunansa sun sa kowa ya yi tsit. Ciyawa kore shar har iyakar gani. Tafki cike da ruwa, raƙuma suna sha. Rijiya mai zurfi, jakuna suna jan wasaki. Bayan haka sai ga wani fili baƙi ƙirin, inda gobarar daji ta cinye ciyawa bayan kaka.

Makiyayan da ke wurin suka miƙe zaune. Wannan ba kallon nishaɗi ba ne gare su, zancen ran dabbobinsu ne. Suka shiga tambaya: «Wane tafki ne wannan? Yaushe ka ɗauka? Kwana nawa daga nan?» Shi ya san dajin kamar tafin hannunsa, ya amsa duka. Amma da aka aika hoton cikin wayar wani, bayanin bai bi shi ba. In ya kai hannu na uku, ba wanda zai san ko ciyawar bana ce ko ta bara. Mutum yana iya korar garkensa kwana da kwanaki saboda tsohon hoto, ya tarar da ƙasa fayau. Wannan hasara ce babba.

Tafiya ta uku: yamma, wajen Belbeji

Wata mata ta je suna a ƙasar Tarka. Belbeji dā tana cikin Tanut, sai a 2011 ta zama gunduma mai kanta. Matar nan tana aji na biyu a cibiyarmu. Ta tafi da ƙaramin littafi da fensir. Duk hoton da ta ɗauka, sai ta rubuta layi ɗaya.

Ta nuna kwarin Tarka da itatuwansa. Ta nuna mata suna jiƙa anza don cire ɗacinta. Ta nuna burtali, ga alamun da aka kafa a gefensa. A kowane hoto sai ta buɗe littafinta ta karanta: wuri kaza, rana kaza, abu kaza. Karatun yana tafiya sannu sannu, amma ba wanda ya yi gardama. Hotunanta ba su fi na sauran kyau ba. Wasu ma sun karkace. Duk da haka nata ne suka fi amfani, don suna da baki.

Hoto bebe ne, rubutu ne bakinsa

Ga darasin da muka ɗauka. Kowane hoto yana son amsar tambaya 4:

1. Ina ne?
2. Yaushe ne? Rana, wata da shekara.
3. Mene ne, ko wane ne?
4. Wa ya ɗauka?

Wanda ya yi wata 4 a cibiya yana iya rubuta wannan. Ba ya buƙatar Faransanci. Hausa ta isa, Tamajak ta isa, Fulatanci ya isa, Barbarci ya isa.

Kada ku raina wannan ɗan aiki. Masu bincike sun ɗauko hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975. Suka gwada su da waɗanda aka ɗauka bayan shekara kusan 30, a wurare guda. Sai suka ga itatuwa sun ƙaru ƙwarai cikin gonakin kudancin Nijar, har da ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya, inda gawo ya yawaita. Suka ƙiyasta fili ya kai eka miliyan 5 na awon hekta. Manoma ne suka yi aikin, da barin tsiron itace cikin gona. Da tsofaffin hotunan ba su da shekara da sunan wuri, da ba wanda ya gane.

Mu ma muna iya yin haka. Ka tsaya a kusurwar gonarka, ka ɗauki hoto. Baɗi war haka ka koma daidai wurin, ka sake. Bayan shekara 5 za ka ga ko rairayi yana cin gonar, ko itatuwa suna komowa. Mu da muka ji labarin farin 1973 da na 1984 daga bakin iyayenmu, muka kuma ga wahalar 2005 da idonmu, mun san ƙasa tana sakewa. Ƴaƴanmu za su so su ga yadda take a zamaninmu.

Haka in ka ga fara ta sauka, ko tsutsa ta kama zangarniya, ko wata cuta a bakin saniya. Ɗauki hoto, rubuta wuri da rana, ka kai wa malamin gona ko likitan dabbobi. Zai fi saurin ganewa.

Ladabin ɗaukar hoto

Matafiyi baƙo ne, kuma baƙo da sallama yake shiga. Ga abin da muka yarda da shi a zamanmu:

Kada ka ɗauki mutum sai ka tambaye shi. In ya ƙi, ka mai da wayarka aljihu.

Kada ka ɗauki matan mutane a bakin rijiya ko cikin gida ba da yardarsu ba.

Kada ka ɗauki marar lafiya, ko mai roƙo, ko gawa, don a yi kallo.

Kada ka ɗauki sojoji, ko bariki, ko shingen bincike.

Kada ka tura hoton da ba ka san asalinsa ba. Ana ɗauko hoton faɗan wata ƙasa a ce a nan ne. Yanzu ma har na'ura tana ƙera hoton abin da bai taɓa faruwa ba. Irin wannan yana iya haɗa manomi da makiyayi faɗa a banza.

Ga kuma dabara kaɗan. Ka goge idon wayar da tsumma mai laushi, don ƙurarmu tana da yawa. Ka sa rana a bayanka. Safe da la'asar sun fi tsakar rana. Ka matsa kusa da abin da kake so, ka riƙe wayar da hannu biyu.

Ina za mu ajiye su?

Waya tana faɗawa rijiya. Tana ɓacewa a kasuwa. Kati yana lalacewa. Ran da haka ta faru, hotunan shekaru sun tafi. Saboda haka ku zaɓi masu muhimmanci. In wani zai je Tanut ko Damagaram, ku ba shi ya wanko su bisa takarda. Ku rubuta bayani a bayan kowane ɗaya. Ku sa su cikin littafi, ku ajiye a akwati, nesa da gara da ruwa.

Ku fara da abin da ke shirin ɓacewa: tsohuwar rijiyar gari, zangon da ayari yake sauka, maƙeri a bakin maƙera, dattijon da ya san tarihin kafuwar gari. Ku zauna da shi, ku rubuta abin da ya faɗa.

Ƴan'uwa, kowace cibiya tana iya yin irin wannan zama. Ba ya son kuɗi. Tabarma ce, da waya, da littafi, da fensir. Baƙi sun nuna Damargu yadda suka gan ta. Yanzu lokaci ya yi da ƴan Damargu za su nuna ta da kansu, su kuma sa hannu a ƙasa.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.