Tsatsar da Ke Ci Daga Ciki

Nakan yi tunani a kan Mazda MX-5, 'yar motar nan mai kujera biyu da rufin tamfol, wadda ta fito a 1989. A Ingila masu ita kan goge ta har ta riƙa ƙyalli, alhali ciwon yana ƙarƙashi. Da sanyi ana barbaɗa gishiri a titi saboda ƙanƙara, ruwansa ya fantsama ya maƙale. Ramukan da ke zubar da ruwan rufi kan toshe da laka, ruwa ya kwanta cikin ƙarfen ƙasan ƙofa. A ƙirar 1998 zuwa 2005, ƙarafan gaba da ke riƙe da gangar motar ninki-ninki ne. Danshi kan shiga tsakaninsu ya yi ta ci kamar gara a katako. Kafin fenti ya kumbura, aikin gama ya gama.

Abin da ke tsaya mini a rai, ƙarafan nan su za su tare wa mutum karo ranar hatsari. Shi ya sa mai hankali ke ɗaga motar, ya ƙwanƙwasa, ya zura 'yar kyamara ciki, kafin ya ɗauki ɗan wani.