Ƙararrawar Kekena da Yaro Mai Tallan Gyaɗa

A farkon shekarar 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan da aka fi sani da Udoji, har da na watannin baya. Waɗansu suka sayi rediyo, waɗansu babur, waɗansu kuwa suka yi wa ɗakunansu rufin kwano. Ni dai keke na saya, sabon Raleigh baƙi wuluk. Kamfanin na garin Nottingham ne a Ingila, amma a lokacin yana da masana'anta a Kano.

Ina zaune a Sabon Gari tare da matata da 'ya'yanmu biyu, ina kuwa aikin gyaran kayan lantarki a Samaru. Kowace safiya sai in bi ta PZ, in wuce Kwangila da Palladan, inda makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta ke, in isa wurin aiki kafin rana ta yi zafi. Samaru garin masu keke ne a zamanin nan. Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ga kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona, leburori da masinjoji da akawuna da ɗalibai galibi a kan keke su ke. Ga manoman Bomo da Basawa masu kawo tumatir da rake. Keke shi ne jakin gida. Da shi a ke zuwa aiki, da shi a ke kai hatsi niƙa, da shi a ke kai yaro asibiti da tsakar dare.

Wata biyar kaɗai na yi da shi. Ran wata Asabar na jingine shi a bakin kasuwar Sabon Gari, na danna kwaɗon nan mai kama da zobe wanda ke riƙe ƙafar baya, na sa mabuɗi a aljihu. Ko minti goma ban yi ba. Da na fito, sai filin wurin. Na tsaya da mabuɗi a hannu kamar wawa.

Wani dattijo mai gyaran keke da ke kusa ya ce mini, "Ɗana, wannan kwaɗo ƙafa kaɗai ya ke riƙewa. Ɓarawo sai ya ɗaga bayan keken ya tura shi a kan ƙafar gaba. Duk wanda ya gan shi zai ce mabuɗinsa ne ya ɓata." A caji ofis kuwa aka tambaye ni lambar da ke buge a jikin ƙarfen keken. Ban taɓa dubawa ba, rasit ɗin ma ban san inda na jefa shi ba. Ko da an kamo keken, da me zan nuna nawa ne? Na koma gida a ƙafa.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da na tara kuɗi na sayi wani tsohon keke na hannu, sai na ƙudura a raina cewa wannan ba mai taɓa shi ban ji ba. Ai lantarki sana'ata ce.

Ƙararrawata ta fari mai sauƙi ce. Na ɗauki maƙalin katako na shanya tufafi, na kafa ƙusa mai faɗin kai a kowane leɓe nasa, na ɗaura wa kowace waya. Na jera batir huɗu na tocila, kowane bolt 1.5, suka ba ni bolt 6, daidai da abin da ham ɗin ƙaramin babur ke bukata. Tsakanin ƙusoshin nan biyu na cusa guntun roba, na ɗaure robar da zare zuwa ga wayar ƙafar baya. Da zarar ƙafa ta juya, zare ya fizge roba, ƙusoshi su haɗu, ham ya ɗauki kuka. Dabarar ta yi aiki, amma ni ta fi kamawa. Sau da yawa na kan manta in kwance zaren, in hau, sai kuka ya tashi, yara su yi ta dariya. Ban da haka, mai ido zai ga zaren ya yanke shi da reza, mai ƙarfi kuwa ya saɓi keken duka a kafaɗa.

Sai na yi ta biyu, wadda ba ta jiran ƙafa ta juya. Na zare ɗan sifirin na cikin biro, na rataya ƙaramin noti a bakinsa, na kewaye shi da zoben wayar jan ƙarfe. In keke ya motsa ko kaɗan, noti ya yi lilo ya taɓa zobe, wuta ta wuce. Na ƙara rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa da kanta, domin in kuka ya fara kada ya tsaya sai na zo da mabuɗi na kashe. Na kulle duka a cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin kariya. Na yi fahariya da ita ƙwarai. Akuya ta goga jikinta, ta yi kuka. Babbar mota ta wuce, ta yi kuka. Maƙwabta suka yi gunaguni, na ce musu gara haka da ihu bayan hari.

Ran nan da hunturu na koma kasuwar nan ta Sabon Gari domin in saya wa matata zane. Na ɗaure keken da sarƙa a jikin turken rumfa, na kunna ƙararrawa, na shiga ciki. Ina tsakiyar ciniki sai na ji kukan ham ɗina. Kafin in ajiye zanen, na ji wata murya ta ce, "Ɓarawo!" Nan da nan kasuwa ta ɗauka. Ba zan ɓoye muku ba, murna na yi. Na ce a raina yau ranar mai kaya ce.

Da na kutsa cikin taron, sai na ga yaro ne, bai fi shekara goma ba. Wani ƙato ya shaƙe masa wuyan riga, wani ya riga ya mare shi, jini na zuba daga hancinsa. Farantin tallansa na ƙasa, an tattake gyaɗar. Ga kekena nan a ɗaure da sarƙa yadda na bar shi. Ashe mai amalanke ne ya matse yaron, ya yi taga-taga, ya dafa sirdin domin kada ya faɗi. Laifinsa ke nan.

Na yi ta cewa, "Ku sake shi, keken nawa ne!" Amma ba mai jina, gama ham ɗin da na ƙera domin ya fi muryar kowa ya fi tawa. Hannuna na rawa, na kasa sa mabuɗi a rami. Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki dutse. Sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta ratsa maza, ta rufe yaron da jikinta, ta ce duk mai jifa ya fara da ita. A lokacin ne na samu na kashe ham. Wurin ya yi tsit.

Tsohuwar ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai wannan abu?" Na ce, "Ni ne, Inna." Ta ce, "Abin naka ya iya ihu, amma bai iya tambaya ba."

Na kai yaron aka wanke masa ciwo, na biya kuɗin gyaɗar, na raka shi har gida na roƙi uwarsa gafara. Da na ba matata labari da dare, ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta ce, "Maigida, da ɗanmu ne fa?" Ban yi barci ba. Garin neman gira na kusa rasa ido. A daren nan na gane abin da ban yi tunaninsa ba sa'ad da na ke haɗa wayoyi. Ƙararrawa ba ta kama ɓarawo, jama'a ta ke kira. Abin da jama'a suka yi kuwa in sun zo, mai ƙararrawar yana da rabo a cikin alhakinsa.

Na ciro akwatin, na yi wata biyu ban mai da shi ba. Sa'an nan na sāke tsari, domin in koya wa abin nan tambaya. Na sa masa kafasita, wadda ke tara wuta kamar yadda randa ke tara ruwa, na kuma bar mata ɗan yoyo. Duk sa'ad da noti ya taɓa zobe, sai a zuba ɗan kaɗan a randar. In taɓawa ɗaya ce, ko biyu, yoyo zai tafi da shi, abin da za a ji ɗan ƙara ne na gargaɗi. Amma in ana ta jijjiga keken, ko ana zarta sarƙa, ko ana tafiya da shi, randa ta cika, ham ya tashi. Wani abokina ya samo mini ɗan baƙin abu mai ƙafa takwas da a ke kira 555, wanda kamfanin Signetics na Amurka ya fitar a 1972. Aikinsa ƙidayar lokaci. Da shi na sa kukan ya tsaya da kansa bayan rabin minti, domin a sami damar jin maganar mutum. Shekara tara na yi da keken nan. Sau ɗaya ƙararrawar ta yi cikakken kuka, da dare a ƙofar gidan wani abokina a Samaru. Muka fito muka tarar da zarto a ƙasa, mai shi ya arce.

'Yan'uwa masu karatu, ga abin da na koya, ko zai amfani gidajenku.

Na fari, kwaɗo ba ya hana sata, lokaci ya ke ɓata wa ɓarawo, shi kuwa ba abin da ya ƙi kamar daɗewa a wuri ɗaya. Ku zura sarƙa ta cikin ƙarfen jikin keke da ƙafar baya, ku ɗaure da abin da ba ya tumɓukuwa. In kun ɗaure ƙafar gaba kaɗai, noti biyu za a kwance a bar muku ita. Kada sarƙa ta kwanta a ƙasa, gama ƙasa za ta zama maƙera ga mai guduma. Kulle iri biyu ya fi ɗaya, domin kowanne da irin kayan aikin da ke buɗe shi. Kada kuma ku dogara ga tsada. A 2004 aka nuna wa duniya yadda a ke buɗe waɗansu shahararrun kwaɗuna na kamfanin Kryptonite na Amurka da bututun biro kawai, har kamfanin ya musanya wa mutane kyauta.

Na biyu, ku rubuta lambar keke yau, kada ku bari sai gobe. Tana buge a ƙarfe, ko ƙarƙashin inda feda ke juyawa, ko kusa da gindin sirdi. Ku adana ta tare da rasit, ku kuma ɗauki hoton keken da waya. Ni na kan rubuta sunana a takarda, in naɗe a leda, in cusa cikin bututun sirdi. A ƙasar Japan doka ta wajabta rajistar kekuna tun 1994, saboda haka ɗan sanda na iya duba lamba ya san mai shi.

Na uku, ƙararrawa. Yau ba sai kun ƙera ba, akwai ƙanana masu jin motsi na sayarwa. Akwai kuma na'urorin da ke nuna wa waya inda abu ya ke, kamar AirTag da kamfanin Apple ya fitar a 2021. Kafin ku ɗaura kowace iri, ku gwada ta. Ku ɗan dafa sirdi ku gani. In ta kwarma ihu saboda dafawa ɗaya, ku rage mata ji, ko ku cire ta. In kuwa waya ta nuna muku inda kekenku ya ke, ku tafi da ɗan sanda, kada ku tafi da samarin unguwa.

Yanzu babura da Keke Napep sun cika hanyar Samaru, amma har yau 'yan makaranta da manoma suna hawan keke, har yau kuma ana sata. Kwanan baya jikana ya zo da nasa ya ce, "Kaka, ina so ka koya mini irin ƙararrawarka." Na ce to. Amma kafin in ba shi waya ko batir, sai da na zaunar da shi na ba shi labarin yaro mai gyaɗa. Ku ma ku gaya wa 'ya'yanku: ran da suka ji an ce "Ɓarawo!" a kasuwa, su fara tambaya kafin su ɗaga hannu. Ko da ɓarawon gaske ne, doka ba ta ba mu ikon dukansa ba, sai dai mu miƙa shi ga hukuma. Keke in ya ɓata a kan sayi wani, ni ma na saya. Da dutsen nan ya sauka a kan yaron, ban san abin da zan mayar wa uwarsa ba.