Miskilin Jarumi da Yardar Jaruma

Makalar wannan makon a kan jarumin nan ce da ya cika littattafanmu na waya: attajiri, miskili, ya kulle yarinya a gida, ya ƙwace mata waya, ya mare ta, a babi na 40 kuma ta ce ba ta iya rayuwa sai da shi.

A nan Gaya da Ajingi mun san masu karanta mu. 'Yan matan sakandare ne da amaren da ba su shekara ba, suna tura wa juna shafi-shafi a WhatsApp. Duk abin da muka kira so, haka za su ɗauke shi.

Salon ya yi kama da na Fifty Shades of Grey na E. L. James, wanda ya fito a 2011, inda ɗaya ke riƙe da akala, ɗaya na bi. Ko a can sai an tattauna sharuɗɗa, an ware kalmar da in an furta ta dole a dakata, kuma duk da haka an soki littafin cewa jarumin yana tsallake iyaka. Mu mun kwaso mulkin, mun bar shawarar.

Ba laifi ba ne mu rubuta mugun miji. Balaraba Ramat Yakubu ta kawo Sarkin Noma a Wa Zai Auri Jahila?, sai dai ba ta shafa wa zaluncinsa turare ba. Abu ta gudu, ta nemi ilimi.

Kafin mu saki babi, mu tambayi kanmu: jarumar ta taɓa cewa a'a an saurare ta? Sun taɓa zama ta faɗi abin da ba ta so? In ta tafi, tana da wurin zuwa? Shirun wadda ke tsoro ba yarda ba ce.

Haka “Yayan” da ke biya mata kuɗin makaranta. Jagora na gari burinsa ta tsaya da ƙafarta. Wanda ke lissafa alherinsa duk lokacin da ta ƙi shi, bashi yake bin ta, mu rubuta shi a haka.

Wannan ya shafe mu ma. Babban da ke duba rubutun ƙanwa, gyara ya tsaya a kan rubutu, kiran dare ba ya ciki.

Allah Ya yi wa alƙalumanmu albarka. Muna jiran ra'ayoyinku.