Siantar, garin da baburan yaƙin duniya suke kabu-kabu

Wanda ya tashi daga Medan zai je tafkin Toba a tsibirin Sumatra na Indunisiya, bayan tafiyar kusan kilomita 130 zai ratsa ta Pematangsiantar, wanda 'yan gari ke kira Siantar. Yawancin matafiya shayi kawai suke sha su wuce. Ni ƙarar wani injin ce ta tsayar da ni a bakin kasuwar Horas, ƙara mai kauri, dum-dum-dum, wadda ba ta kama da ta baburan Japan da suka cika titi.

Abin hawan sunansa becak: babur ne da aka maƙala wa rumfar fasinja a gefen hagu, aikinsa irin na A Daidaita Sahu a Kano. Sai dai babur ɗin BSA ne, ƙirar Birmingham ta Ingila, kamfanin da ya durƙushe tun 1973. Akwai M20 mai cc 500, wanda aka ƙera wa sojojin Ingila sama da 100,000 lokacin yaƙin duniya na biyu, akwai kuma B31 mai cc 350 da aka fara fitarwa a 1945. Bayan yaƙi da tafiyar Turawan Holan, mutanen Siantar suka riƙa tattaro waɗanda aka bari a sassan ƙasar, domin garin yana da hawa da gangara, keken da ake tuƙawa da ƙafa ba ya iyawa.

Da na zauna wajen wani bakanike a bayan titin Merdeka, na ga abin da ake nufi da riƙe babur wanda ya haura shekara saba'in. Notunansa ma da awon Ingila na da aka yi su, sifanar zamani mai milimita sai ta cinye kansu, don haka tsofaffin sifanu gado ne da ake ɓoyewa. Giyarsa a ƙafar dama take, birki a hagu. Wutar fulogi daga magneto take zuwa, babu ruwanta da batir, kuma idan wayar cikinsa ta ƙone da hannu ake sake naɗa ta. Kafin a buga kik sai an ja wani ɗan hannu a jinkirta wuta, in ba haka ba injin ya mayar da bugun ya targaɗa ƙafa.

Kayan gyara ta hanya uku suke samuwa. Ta farko, a kwance mataccen babur a ciyar da mai rai. Ta biyu, a nemo fistin ko ringi ko bawul na wata mota ko wani babur mai kusan girma ɗaya, a kai wa mai injin feƙe ƙarfe ya rage har ya zauna. Ta uku, a ƙera sabo fil: haƙorin giya da bushi daga ɗanyen ƙarfe, gasket kuwa a yanka da almakashi. Akwai masu sayar da sabbin kayan BSA a Ingila da Indiya ta intanet, amma mai neman na cefane da kuɗin fasinja ba ya iya jiran jirgi ko biyan fam. Shi ya sa mai tara baburan tarihi zai iya yamutsa fuska in ya ga kafireton Japan a jikin BSA, direban kuwa abin da ya sani shi ne ya rage masa shan mai.

Duk da wannan ƙwarewa, baburan raguwa suke yi. Masu tara kayan tarihi daga Jakarta da ƙasashen waje suna zuwa da kuɗin da direba ba zai tara a shekaru ba, shi kuma ga kuɗin makarantar yara, sai ya sayar ya sayi ɗan Honda. Masu kishin abin sun kafa ƙungiya, an kuma gina hasumiyar becak a tsakiyar gari. Amma duk babur ɗin da ya koma ɗakin ajiya, bakanike ya rasa abokin ciniki guda, yaron shagonsa kuma ya rasa injin da zai koyi hannu a kansa.